Bayan Rago

Duk wanda ya taɓa zuwa gidana a unguwar Levenshulme ta Manchester ya san ba na ba da lambar gida. Ba don babu ba, akwai ta, har da postcode ɗin nan da Turawa ke ji da shi. Amma ni Bakanuwa ce, kwatance na iya. Cewa nake yi: ka biyo Stockport Road, ka wuce buta, ka wuce takalmi, in ka ga rago ka sha kwanar hagu, koriyar ƙofa. Har a group ɗinmu na 'yan Arewa sunana ya koma Rabi'a ta bayan rago, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Da butar da takalmin da ragon duk zane ne a jikin bango. Tsofaffin tallace-tallace ne na zamanin da, lokacin da mai kanti kan kira mai fenti ya hau tsani ya zana masa hajarsa a gefen gini. Butar ta wani mai sayar da ganyen shayi ce, yanzu wurin ya zama shagon gyaran waya. Takalmin kuwa na wani baduku ne da ba wanda ya tuna sunansa. Ragon shi ne babbansu. Ya cinye bangon gidan da ke bakin layinmu tun daga sama, fari mai murɗaɗɗen ƙaho, yana tsaye a kan ganga. Rubutun da ke ƙasansa ya koɗe, amma in ka ƙura ido za ka karanta: tallan wata mashaya ne da ke kan kwanar a da, ana kiran jama'a su zo su sha giya. Maƙwabciyata Doreen, wata tsohuwar Baturiya da aka haifa a layin, ta ce a can mijinta marigayi ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Mashayar an daɗe da rushe ta, wurin ya koma filin ajiye motoci.

Ni dai alamar hanya ce kawai a wurina, sai da Baba ya zo.

Mahaifina Malam Sanda dillalin dabbobi ne a kasuwar Wudil, tun kafin a haife ni. Bayan rasuwar Innarmu, da wahalar takardun da ba na son tunawa, muka kawo shi Ingila ya zauna a wurina. An yi masa aikin ido, yana ganin manyan abubuwa, amma ƙananan rubutu sai dai a karanta masa, bokon ma dama bai yi ba. Ga kuma 'yar mantuwa da ta fara taɓa shi. Likitarmu ta ce a bar shi ya riƙa tafiya da ƙafarsa, ya samu abin da yake yi kullum a kan lokaci, hakan zai riƙe shi.

To ina zai je? Gidajen unguwarmu duk jan bulo ne a jere, kamar ƙwai a kiret. Ni kaina da na zo sabuwa sai da na sa mabuɗi a ƙofar wani. Makonnin farko Baba a falo ya yi su, hularsa a gwiwa, kamar wanda ya zo gaisuwa yake jira a sallame shi. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ranar da na fara raka shi masallaci, a hanyar dawowa sai ya tsaya cak a bakin layinmu. Ya ɗaga kai, ya sa hannu ya kare hasken rana, ya daɗe yana kallon bangon.

"Rabi," ya ce, "wanda ya zana wannan ya san rago. Dubi ƙirji. Dubi yadda ƙahon ya zagayo kunne." Ya ɗan ja baya. "Sai dai ƙafar baya ta hagu ya gajarta ta. Da a Wudil ne da na ce wa mai shi ya faɗi gaskiya, ragon nan ya taɓa karyewa."

Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka tun Inna na da rai. Nan take na nuna masa sauran: ga takalmi can, ga buta gaba da shi, masallaci kuma yana daf da butar. Ya maimaita a bakinsa kamar mai bitar karatu. Kafin wata ya ƙare Baba ya daina jirana. Azahar da la'asar shi kaɗai yake zuwa, ya dawo yana ba ni labarin wasu tsofaffin 'yan Pakistan da ya yi abota da su, alhali ba ya jin nasu ba sa jin nasa. In ya iso kwana har gaisawa yake da ragon. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Ina gajiya, maigida."

Yayana Ja'afar, injiniya ne a Birmingham, da ya zo ya ga abin sai ya ja ni kicin.

"Kin gaya masa tallan mene ne kuwa?"

"Yaya, in gaya masa in samu me?"

"Dattijo yana gaida tallan giya a bainar jama'a."

"Rago yake gaidawa," na ce, na ci gaba da yanka albasata.

A haka muka yi shekara lafiya lau. Sai Malam Bara'u ya sayi gidan da ragon ke jikinsa. Akanta ne, mutumin Zariya, mai kirki da kunya, matarsa Khaulat ma ba ta da matsala. Mun yi murna da samun namu a layi. Da bazara ta yi nisa aka sa ranar bikin 'yarsu Hafsa. A wajenmu kuwa kowa ya sani, ba a biki ba a yi wa gida fenti ba, ciki da waje. Malam Bara'u bai kira Bature ba. Ya sayo bokitan fenti iri ɗaya da wanda ya yi wa falonsa, ya tara abokansa ranar wata Asabar, aka yi gayya da tsani da dogayen sanduna, Khaulat na dafa musu shinkafa.

Ni ina wurin aiki a kantin magani, mijina Rabe yana nasa aikin a asibiti. Baba ya fita azahar, ragon na bayansa, bai waiwaya ba. Ran Asabar kuma yakan zauna a masallaci har la'asar tare da abokansa. Kafin ya taso, bangon ya zama ruwan madara tun daga sama har ƙasa.

Na dawo na tarar ba Baba. Wayarsa na kan tebur tana caji, kamar kullum. Na fito a guje, ina isa bakin layi na ɗaga kai, ba rago. Ban tsaya tambayar kowa ba, na san abin da ya faru. Na je masallaci aka ce ya tafi tun bayan la'asar. Na bi Stockport Road ina leƙa kowane shago, ina tambayar mutane ko sun ga tsoho mai farar riga da hula. 

Ana dab da magariba wayata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Wata nas ce 'yar Pankshin mai suna Nentawe ta tsince shi a wata tashar bas can wajen hanyar Stockport, yana zaune yana jan carbi. Ta ga hula, ta gaishe shi da Hausa, ta tambaye shi ina ne gida. Ya ce bayan rago. Baiwar Allah ba ta san wani rago ba, sai ta rubuta a group ɗin 'yan Najeriya: wa ya san bayan rago a Manchester? Kafin ta ajiye wayar mutane sun fara turo mata lambata.

Da muka dawo gida na zuba ruwan ɗumi a roba na sa masa ƙafafunsa, sun kumbura sosai. Sai da ruwan ya huce ya dube ni.

"Na ga buta," ya ce a hankali. "Na ga takalmi. Na yi ta tafiya ban ga rago ba. Na ce ko gaba yake. Rabi, ashe abin ya kai haka."

"Baba, ba kai ba ne. Fenti aka yi wa bangon, shafe shi aka yi."

"Kada ki lallashe ni kamar yaro."

Washegari na kai shi har gindin bangon na nuna masa. Ya kalli ruwan madarar nan, ya kalle ni, ya juya. A ransa ya riga ya yanke cewa kansa ne ya tafi, mu kuma muna rufa masa asiri. Wannan ya fi ɓatan nasa yi mini ciwo.

Na wuce gidan Malam Bara'u da fushina, kuma ni in na yi fushi ba na iya tauna magana. Na faɗi abin da na faɗa. Mutumin nan bai ɗaga murya ba. Ya biyo ni har gida, ya durƙusa gaban Baba ya ba shi haƙuri. Amma da na raka shi ƙofa sai ya ce:

"Maman Shifa, wallahi ban san da shi yake gane hanya ba. Amma ki duba mini. Tallan giya ne. Surukaina za su taso daga Zariya su tarar da gangar giya a bangon gidana?"

 Gaskiyarsa ce, shi ya sa haushin ya ƙara kama ni.

Yaya Ja'afar bai jira an kira shi ba. Ya iso da mota, ya zauna a falona ya yi magana irin ta manyan 'ya'ya, a tsanake, ba wurin da za ka kama.

"Ke kina aiki, mijinki yana aiki, Shifa tana jami'a. Zan tafi da shi Birmingham, matata Jamilatu tana gida duk yini. It's not safe, Rabi'a. Yau nas ce ta tsince shi, gobe fa?"

Na juya wajen Baba ina jira ya ce ba inda za shi. Mutumin da a Wudil ba mai juya shi. Sai kawai ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Na haɗa masa kaya ina kuka a ɗaki.

Kada in ci amanar kowa, an kula da Baba a Birmingham. Matar yayana Jamilatu ta riƙe shi kamar ubanta, tuwo da miyar kuka ba fashi, magani a kan lokaci. Amma flat ɗinsu a Perry Barr can sama yake, sai an shiga lif. Ran Juma'a Yaya ya sa shi a mota ya kai shi masallaci ya dawo da shi. Sauran kwanaki yana kujera a bakin taga yana kallon motoci. Yaya ya yi ƙoƙarin koya masa hanyar wani masallaci da ke kusa, to amma wajen duk sabbin gine-gine ne da gilashi, alamomin kuma duk rubutu. Baba ma bai bari an je ko'ina ba. Ya ce, "Ni na daina wannan."

Duk zuwan da na yi sai in ga ya ƙara ƙanƙancewa a cikin rigarsa. Ya fara tambayar yau wace rana ce. Wata rana ya kira ni da sunan Inna. A hanyar dawowa Manchester sai da na tsaya a gefen titi na share fuskata kafin na iya ci gaba da tuƙi.

Hunturu ya shigo da ruwansa. Wanda bai zauna a Manchester ba bai san ruwa ba, ba shi da ƙarfi amma ba ya gajiya. Wata safiya ina fitar da shara Doreen ta yafuto ni daga ƙofarta, tana nuna bakin layi da sandarta.

"Your sheep's coming back, love."

Na je na duba. Can sama, ruwan madarar ya kumbura ya fara ɓarewa, ga bakin ƙaho ya leƙo. Ashe fentin cikin ɗaki Malam Bara'u ya shafa wa bangon waje. A Zariya da ya yi shekaru yana nan, amma nan ruwa ya jiƙa shi ya yi ta zubar da shi kamar ɓawon gyaɗa. Doreen ta ce ba yau aka fara shafe ragon nan ba, tun tana budurwa ake yi, kuma kullum sai ya dawo, don masu fentin da ba da wasa suke haɗa kayansu ba.

Daga ranar na zama mai gadin bango. In zan tafi aiki in duba, in na dawo in duba. Ƙaho ya fito, kunne ya fito, sai ido ɗaya. Kafin sanyi ya wuce ƙirjin ya bayyana, duk da dabbare-dabbaren farin da ya rage a jikinsa. Sai dai ba shi kaɗai ya dawo ba. Gangar ma ta fito, da rubutunta.

Ban gaya wa kowa a Birmingham ba. Tsoro nake kada in sa rai.

Ran wata Asabar da rana ta fito, na leƙa ta taga na hango tsani a jingine da bangon. Malam Bara'u ne shi kaɗai, da sababbin bokitai, wannan karon na waje ne na gaske, irin wanda ba ya fita. Ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba, na zura silifa na ja mayafi.

"Malam Bara'u, sannu da aiki."

"Yawwa Maman Shifa. Ya jikin Baba?" Bai yarda mun haɗa ido ba.

Na yi niyyar faɗa, amma da na buɗe baki sai faɗan ya ƙi zuwa. Na gaya masa yadda Baba yake zaune a bakin taga. Na gaya masa ya kira ni da sunan Inna. Na ce tun ranar nan bai sake taka ƙafarsa shi kaɗai zuwa sallah ba, don ya ɗauka hankalinsa ne ya gudu, kuma ba abin da zai sa ya yarda da ni sai ya ga ragon nan da idonsa.

"Baba ba ya karanta rubutun nan," na ce. "Rago kawai yake gani."

"Ni kuma ina karantawa," ya ce. "Kullum in na fito, kullum in na dawo."

 Wata bas ta wuce. Na ce, "Bangonka ne, Malam. Allah ya ba da sa'a." Na koma gida na ja labule, na kama wanke tukwanen da ba su yi datti ba.

Sai da la'asar na iya fitowa. Tsanin ba ya nan. Daga kofaton ragon zuwa ƙasa an shafe tas, ba ganga ba rubutu, fari fat. Daga kofato zuwa sama kuwa ba a taɓa ba, har an bi an kankare ragowar tsohon fentin da ke fuskarsa. Na daɗe a tsaye. Da na shiga yi wa Khaulat godiya sai ta ce ai fentin ne ya ƙare musu. Ga bokiti guda cike a bayan ƙofarta, ko buɗe shi ba a yi ba. Na yi kamar ban gani ba.

Na kira Yaya na ce a ba ni aron Baba.

"Weekend kawai," ya ce. "Ran Lahadi zan zo in ɗauke shi."

Na ɗauko shi ran Juma'a da yamma. Da muka iso kwanar yana barci a mota, ban tashe shi ba. Asabar ya ƙi fita, ya ce ƙafarsa. Ran Lahadi Yaya ya iso kafin azahar, ya sa jakar Baba a but ɗin mota tun kafin a ci abinci, don ya nuna mini ba wasa. Na roƙe shi abu ɗaya, su je masallacin unguwa da ƙafa su yi sallah kafin su kama hanya. Suka tafi, Baba na kallon ƙasa.

Na bi su daga baya na jira a gindin buta. Da suka fito na kama hannun rigar Yaya.

"Bar shi ya yi gaba."

"Rabi'a, mene ne haka?"

"Don Allah, Yaya."

Baba bai ma lura mun ja baya ba. Ya wuce buta. Ya wuce takalmi, na ga ya ɗan ɗaga kai ya dube shi. Daga nan tafiyarsa ta canza, ya rage sauri, ya sunkuyar da kai kamar mai tsoron abin da zai gani. Ya iso bakin layinmu bai ɗago ba. Ya gota kwanar. Yaya ya yunƙura zai kira shi, na ƙanƙame masa hannu har sai da ya dube ni.

Sai Baba ya tsaya. Ya dawo da baya kaɗan. Ya sa hannu a goshi ya ɗaga kai.

Ban san iya lokacin da ya ɗauka a haka ba. Muka matso a hankali muka tsaya a bayansa. Leɓensa na motsi.

"Ya rame," ya ce. "Amma shi ne. Ga gajeriyar ƙafar nan." Ya juyo ya dube ni, idonsa ya cika. "Ashe da gaske kike, Rabi. Shafe shi aka yi."

"Shafe shi aka yi, Baba."

Ya sake kallon bangon, ya gyaɗa kai. "An kuma ɗauke masa gangar giyar. Gara haka, dama ba ta dace da shi ba."

Ni da Yaya muka dubi juna.

"Baba, dama ka sani?" in ji Yaya.

"Shekara nawa na yi ina kai raguna Sabon Gari? Ganga ce ban sani ba?" Ya gyara hularsa, ya ce wa bangon, "Ina gajiya, maigida," ya sha kwanar hagu. Ba wanda ya nuna masa koriyar ƙofa.

Muka ci abinci ba mai magana a kan tafiya. Yaya na ta juya mabuɗin motarsa a kan tebur. Da lokacin la'asar ya yi, Baba ya yi alwala ya ɗauki carbinsa ya nufi ƙofa. Na miƙe da sauri ina laluben mayafi, Yaya ma ya miƙe.

Baba ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina za ku? Ku zauna."

Muka zauna. Ƙofa ta rufe. Ta taga muna kallonsa har ya kai bakin layi ya ɓace. Yaya ya ɗauki mabuɗin ya fita. Na ji ya buɗe but. Da ya dawo, jakar Baba na hannunsa, ya tambaye ni wane ɗaki zai kai ta.